Na Durƙusa wa Suruki, Tamola Ta Wuce

Ko tsufa zai kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da wata ranar kasuwa a Dakoro ba, zamanin da Faransawa ke mulkinmu. Gaskiya ma ko na so in manta mutanen garin nan ba za su bar ni ba. Waɗanda suka ga abin da idonsu kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, amma sun bar wa 'ya'yansu labarin kamar gado. Akwai yaron da bai san sunan kakansa ba, amma ya san abin da na yi a ranar.

Jikokina ne suka tayar mini da shi kwanan nan. Suna zaune gindin rediyo ana ba da labarin wasannin share fage, irin waɗanda ake sa ƙananan ƙasashe su fara karawa da junansu tun manya ba su ko ɗaura takalmi ba. Aka ambaci wata ƙasa da ba su taɓa jin sunanta ba, aka ce an cire ta tun zagayen farko. Suka fashe da dariya, ɗaya ya ce wai me ya kai su ma. Ni ban yi dariya ba. Na san yadda ake cire mutane tun zagayen farko, don ni da hannuna (ko in ce da gwiwoyina) na taɓa cire gari guda.

A lokacin Dakoro ba wani gari ba ne. Biron kumandan, wato ofishinsa, gidajen gardi masu tsaronsa, lekwal mai aji kaɗan, kasuwa, sai rijiyoyin da mutum zai gaji da jan igiya kafin ya ga ruwa. Malamin lekwal, Mushe Garba, shi ya zo mana da tamola daga inda ya yi karatu. Ya tara mu samarin da muka ɗan shaƙi lekwal muka fito, da waɗanda ko ƙofarta ba su taɓa takawa ba, ya ce zai koya mana wasan. Muka share wani fili a bayan kasuwa inda ake ɗaure raƙuma, muka yi ta fama da ƙarangiya, muka kafa itace biyu a kowane gefe muka ɗaura igiya a sama. Raga kuwa ba mu san da ita ba. In tamola ta shiga, sai ta yi ta tafiya har wani ya tausaya ya dawo da ita.

Ni aka sa a gida, wato gardiye kamar yadda Mushe ke cewa. Ba don na iya ba. Ranar farko ya sa mu gudu, na zo na ƙarshe, har da wani mai ɗingishi a gabana. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce Allah bai halicce ni don gudu ba, amma ya ba ni tsawo da hannuwan mai jan guga, saboda haka in je in tsaya tsakanin itatuwan can kada in bari komai ya wuce. Na ji daɗin wannan aiki ƙwarai, don aiki ne na tsayuwa. A hankali kuma na ɗan iya, har aka fara cewa ɗan gidan wane akwai hannu.

Wanda ya iya na gaskiya shi ne Agali, abokina tun muna yawo ba wando. Iyayensa daga Tagris suka gangaro a wata shekarar fari da ta cinye musu dabbobi, suka zauna kusa da gidanmu. Ubansa bai daɗe ba ya rasu, ya bar shi da uwarsa mai sayar da cuku a kasuwa. Su biyu ke nan a duniya. Agali siriri ne, ba ya sa takalmi, kuma in ya ɗauki tamola sai ka ga manyan ƙarti suna faɗuwa a yashi shi yana dariya. Bakinsa ma haka yake, ba ya raga wa kowa, balle ni. Ƙwarya ɗaya muke shan fura, kuma ba a taɓa tashi ba tare da ya yi mini ba'a a kan tsawona ba.

Wata shekara bayan an gama girbi Mushe ya zo da labari. Wai akwai kofi da ake yi tsakanin duk ƙasashen da Faransa ke riƙe da su a wannan yankin. Manyan birane irin su Dakar da Bamako ba sa shiga sai can gaba. A nan ƙasarmu ma Yamai da Damagaram da Maradi suna zaune suna jira. Ƙananan garuruwa irin namu su za su fara cin junansu, wanda ya tsira ya je Maradi. Ya zana mana abin a ƙasa da tsinke kamar tsani, ya nuna mana inda muke, can ƙasa inda ƙafar tsanin ke nutsewa cikin yashi. Mu da 'yan Madawa aka haɗa, wasa ɗaya, a filinmu.

Agali ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya nuna can sama ya ce, "Mushe, wagga Dakar ɗin, raƙumi na kai mutum?"

Mushe ya ce, "Kai dai ka kai mu Maradi tukuna."

Kowa ya san in mun je Maradi yanka mu za a yi. Ba wanda ya damu. Mu dai a ce mun hau mataki ɗaya.

Da a nan abin ya tsaya, da yau labarin dariya kawai nake ba ku. Amma a wannan kakar ce masu ɗaukar soja suka zo. Aka tara samarin gari da na ƙauyuka a gaban biro, aka tuɓe mu, lokotoro, wato likita, yana duba haƙora yana ƙwanƙwasa ƙirji. Da ya zo kaina ya ƙwanƙwasa sau ɗaya ya yamutsa fuska ya tura ni gefe (ƙirjin da nake jin kunyarsa shi ya cece ni). Agali kuwa ko juya shi ba a yi ba aka ware shi cikin waɗanda za su tafi. A lokacin Faransa na yaƙi can arewa bayan hamada, kuma mun san ba duk wanda babbar motar nan, kamyo, ta ɗauka ke dawowa ba. Aka ce su koma gida su shirya, kamyo na nan zuwa ba da daɗewa ba.

Mushe Garba ya sa rigarsa mai kyau ya je wurin kumandan. Kumandan ɗin nan mutum ne mai son tamola, yakan zo da kujerarsa ya zauna bakin fili yana kallonmu yana ihu da yarensu. Mushe ya dawo ya tara mu ya ce ga abin da aka yi. In mun ci Madawa, kumandan zai riƙe Agali har a gama kofin, don ba zai aika garinsa Maradi ba tare da shi ba. Kafin nan kamyo ya wuce, kuma wata shekarar Allah ne ya san abin da za ta zo da shi. In an ci mu, magana ta mutu. (Ban tambayi wa zai hau kamyo a madadinsa ba. A lokacin ba mu iya irin wannan tambayar ba.)

Uwar Agali ba ta san komai game da tamola ba, amma ta fahimci abin da ya shafe ta. Ana gobe wasa ta kira ni ta kan danga, ta miƙo mini cuku guda, ta ce, "An ce kai ne mai tsaron ƙohwa."

Na ce, "Ni ne, Inna."

Ta ce, "To, ka tsare."

Na buga ƙirjin nan da lokotoro ya raina, na ce ko ƙuda ba zai wuce ba.

Yanzu sai in gaya muku ɗaya gefen. A wannan shekarar ina neman aure. Rabi sunanta, 'yar wani dattijo a Mai Yara. Sunansa ba zan faɗa ba, don surukina ne, kuma ko da ya daɗe da rasuwa bakina bai iya ba. Iyayena sun kai goro, tsoho ya karɓa, bai ce i ba bai ce a'a ba, ya ce zai duba. Abin da yake dubawa kowa ya sani, ladabi ne. An ce kafin ni wani komi, wato akawun biro, ya nemi yayarta, ya zo da takalmi mai walƙiya, ya miƙa wa tsoho hannu a tsaye. Tsoho ya kalli hannun kamar an miƙo masa mataccen ɓera, maganar aure ta tashi a ranar. Tun daga nan ya ce duk wanda ya shiga lekwal an wanke masa kunya da sabulu. Ni kuwa na shiga lekwal, ko da ban fito da komai ba.

Yaran yanzu ba za su gane ba. A zamaninmu in ka hango suruki, ko wanda kake fatan ya zama suruki, tun daga nesa kake zare takalmi ka durƙusa. Idonka a ƙasa. Ba ka juya masa baya, ba ka katse shi, ba ka tashi sai ya sallame ka. Ubana ya ja mini kunne ya fi a ƙirga. Ya ce, "In ka gane shi, ko bisa iccen kake, ka sabko ka durƙusa. Kada ka ja muna kunya." Wannan maganar ta shiga jikina ta zauna. Kuma tsohon bai san ina buga tamola ba. A wurinsa wasan yara ne, kuma namiji mai neman aure ba ya fita bainar jama'a da gajeren wando cinyoyi a waje.

Kumandan ya sa wasan ranar kasuwa don a samu 'yan kallo. Ni da na ji haka murna na yi, ina cewa duniya za ta ga hannuna. Ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba cewa hanyar da mutanen Mai Yara ke bi in sun tashi daga kasuwa ta bayan ɗaya daga cikin gidajen tamolar nan biyu ta ratsa. Hanyar da na bi ya fi sau ɗari in zan je zance. Ga irin kaifin kan da aka damƙa wa ƙofa.

Bayan la'asar aka fara. Ban taɓa ganin taro irin na ranar ba. Mutanen gari sun kewaye fili, makiyaya suna bisa raƙumansu suna kallo daga sama, mata sun bar kayansu a kasuwa sun zo. 'Yan Madawa sun iso a bayan kamyon gyaɗa, duk sun yi fari da ƙura, amma da riguna iri ɗaya, abin da ya ɗan karya mana gwiwa. Ba a daɗe ba Agali ya ɗauki tamola daga tsakiya, ya wuce mutum uku, ya zuba ta. Garin ya ɗauka. Na hango uwarsa can gefe da faifan cukunta a ka, ba ta ihu, tana dai kallon fuskokin mutane don ta gane ko abin alheri ne. Kafin hutun rabin lokaci suka rama, kuma wannan ba laifina ba ne, ko Mushe ya shaida. Aka juya, na koma gidan da ke bakin hanya.

Daga nan wasa ya koma gidansu gaba ɗaya. Agali ya hana su sakat, tamola ba ta ko ƙetaro tsakiya. Kowa ya san ci na biyu na tafe, lokaci kawai ake jira. Ni kuwa ina tsaye ni kaɗai ba aikin fari ba na baƙi, har ina cire ƙarangiya daga ƙaurina. Ni kaɗai ke da takalmi a cikinmu, wani fade na fata, saboda bakin gidan nan ƙaya ta yi yawa. Kasuwa ta fara watsewa, ina jin jakuna da takarkarai suna wucewa a bayana.

Sai na ji gyaran murya.

Akwai gyaran murya dubu a duniya, amma wannan na san shi. Na waiga. Ga shi nan tsaye, bai fi tsawon igiyar akuya tsakanina da shi ba, da rawaninsa, yana riƙe da igiyar takarkarinsa, yana kallona. Ya kalli fuskata, ya kalli cinyoyina, ya sake kallon fuskata.

Ban yi shawara da kaina ba. Da na yi, da wataƙila na ce muku na auna na zaɓa. Ƙafafuna ne suka fita daga takalmi da kansu. Kafin in ankara na juya wa fili baya, na zube ƙasa, na ja rigata na rufe gwiwoyi da ita (a raina har ina yaba wa kaina dabara, ga gaisuwa ga sutura), na sunkuyar da kai.

"Ina wuni, Baba."

"Lahiya lau. Ina gajiya?"

"Babu gajiya, Baba."

"Ina gida? Ina tsohonka?"

"Shina lahiya, Baba."

Tsohon nan ba ya gaisuwar gaggawa. Ya tambayi uwata. Ya tambayi gero, ko ya yi kyau a wajenmu kamar yadda ya yi a nasu. Ya tambayi gyaɗa. Ina cikin ba shi labarin gyaɗa na ji ihun mutane ya sauya. Na ji ana kiran "Gardiye, gardiye." Na ji muryar Mushe. Na ji ta Agali, daga nesa, yana kiran sunana na yanka, abin da bai taɓa yi ba tun muna yara.

Shekaru da yawa ina gaya wa mutane wai na ɗauka ihun cin da Agali ya yi ne. Ƙarya ce. Na ji, kuma na gane. Amma tsoho yana tsakiyar tambayata ko ruwan rijiyarmu ya ja baya, kuma ba a katse suruki. Na ce a raina bari ya kai aya in tashi. Bai kai ba.

Abin da ya faru a bayana daga baya aka ba ni labari. Wani mai tsaron bayan Madawa ne ya gaji, ya ɗaga tamola ya buga ta ko'ina ta faɗa don ya samu ya yi numfashi. Ko kallon inda ta nufa bai yi ba. Ta faɗo, ta yi tsalle, ta shiga gangarowa a kan yashi a hankali, irin gangarowar da tsohuwa za ta tare da sandarta. Duk 'yan bayanmu sun tafi gaba neman ci. Ta zo ta wuce ta gefen takalmana da na ajiye, ta ratsa tsakanin itatuwan nan biyu, ta wuce ta gefen gwiwata, ta je ta tsaya a ƙafar surukina. Da idona na gan ta ta tsaya, tunda idona a ƙasa yake.

Tsoho ya duƙa ya ɗauke ta, ya kakkaɓe mata yashi da hannun rigarsa, ya miƙo mini.

"Yaro, ga abinku nan ya hito waje."

Na sa hannu biyu na karɓa, ina durƙushe. Na ce, "Na gode, Baba."

Na gode masa. A gaban kumandan, a gaban Madawa, a gaban uwar Agali. Wannan godiyar ce ta ɓalle dariyar. Ta fara daga kan makiyayan da ke bisa raƙuma, ta zagaye fili. Alƙalin wasa ya kasa hura usur sai da ya dafa gwiwa. 'Yan Madawa ba su ma yi murna ba, faɗuwa suka yi ta yi a ƙasa suna riƙe ciki. Tsoho ya ce, "To, a gai da gida," ya ja takarkarinsa ya wuce, bai san ya yi komai ba.

Sauran lokacin kaɗan ne. Agali ya yi gudun da ban taɓa ganin ɗan Adam ya yi ba. Sau ɗaya ya buga ta daki itace har igiyar sama ta kwance ta faɗo, aka tsaya ɗaurawa, lokaci na tafiya. Aka hura usur. Kumandan ya tashi ya sa hularsa ya tafi, gardi na biye da kujera. Mushe Garba ya zauna a yashi da rigarsa mai kyau, bai ce mini komai ba, a ranar ko bayanta. Na so ya zage ni.

Ina zaune gindin itacen gida, mutane sun watse, Agali ya zo ya zauna kusa da ni yana haki. Can ya ce, "To, ya mutanen Mai Yara? Geron nasu ya yi kyau?" Sai ya kama dariya, ya yi ta yi har hawaye na zuba, kuma ban iya rabe wane iri ne ba. Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Kai dogo, in ba ka yi haka ba ai ba kai ba ne." Wannan ta fi zagi zafi.

Na yi kwanaki ban fito ba. Da na fito, yara suka riƙa zubewa a gabana a kan hanya suna cewa "Ina wuni, Baba," suna miƙo mini duma da hannu biyu. Daga nan sunan ya bi ni. Ina-wuni. Mushe ya sake komawa wurin kumandan, aka ce masa alkawarin na ci ne, ba a yi na faɗuwa ba.

Cikin wannan baƙin cikin ne manzo ya zo daga Mai Yara. Tsoho ya ba ni Rabi. An ce ya zauna a ƙofar gidansa yana gaya wa duk mai wucewa cewa shi bai taɓa ganin yaro mai tarbiyya irin wannan ba, a gaban Nasara da duk gari ya bar wasan Nasara ya durƙusa masa. Maganar gajeren wando ma ya ce ya yafe. Ubana ya yi ta sa mini albarka. Ban taɓa jin labarin farin ciki da ya yi mini ɗaci a baki kamar wannan ba.

Ranar da kamyo ya zo na ce ba zan je ba, sai ga ni na je na laɓe a bayan mutane, kamar mai tsawona zai iya laɓewa. Uwaye na kuka. Uwar Agali ba ta yi ba, ta dai ɗaure masa cuku a tsumma ta miƙa masa sama. Ta juyo ta gan ni, ta ce, "Ka zo." Shi ke nan abin da ta ce. Direba ya tayar da inji, Agali ya hango kaina saman na kowa, ya ɗaga hannu ya yi kira da ƙarfi.

"Ina-wuni! Ka gai da min surukinka!"

Mutane suka yi dariya, har da matan da ke kuka. Ni ma na yi, don ban san me zan yi da fuskata ba. Maganar ƙarshe ke nan da na ji daga bakinsa.

Bayan an ɗaura aure na je Mai Yara gaisuwa. Na zare takalmi, na durƙusa, muka bi gero da gyaɗa da rijiya. Da zai sallame ni na ce, "Baba, Agali na gaishe ka." Ya ce, "Ina amsawa. Wane ne Agali?" Na ce abokina ne, ya yi tafiya. Ya ce Allah ya dawo da shi lafiya, na ce amin.

Bai dawo ba. Wajen lokacin da Faransawa ke haɗa kayansu, wani tsohon soja ɗan Korahane ya zo kasuwa yana tambayar ina mai gai da suruki. Aka nuna masa ni ba tare da wahala ba. Ya ce tare suke da Agali a wani sansani kan duwatsu, kuma ba harsashi ne ya kashe shi ba, sanyi ne ya shiga ƙirjinsa. Ya ce in an gama aiki Agali yakan tashi ya kwaikwayi yadda na durƙusa, ya ja riga ya rufe gwiwa, ya miƙa hannu biyu ya ce na gode Baba. Sojojin Dakar da na Bamako, waɗanda ko Hausa ba sa ji, su yi ta roƙo ya sake. Ya ce, "Wallahi kai ka riƙe mu a wurin nan. In munka tuna gida, sai mu ce a yi muna gardiyen Dakoro." Yana faɗa yana dariya yana share ido. Mu ko Maradi ba mu kai ba, amma abin kunyata ya hau har saman tsanin da Mushe ya zana.

Uwar Agali ta rayu shekaru bayan haka. Ni na riƙa nome mata 'yar gonarta ina kai mata ruwa, kuma har ta rasu ba ta taɓa ambaton ƙofa ba. Rabi kuwa mun tsufa tare, ba ni da abin da zan ce da ita sai alheri. Wani lokaci in ta ga na yi shiru takan ce, "Da ba ka durƙusa ba, da ba ka same ni ba." Gaskiya ta faɗa. Har yau ban samo amsar da zan ba ta ba, don duk wadda na ɗauko sai in ga ta ɓata wa wani, ko mai rai ko matacce.

Abin da na koya dai kaɗan ne, kuma na biya shi da tsada. Allah ya ba ni 'ya'ya mata, na yi surukai. Duk wanda na hango daga nesa yana da abu a hannu, ko igiyar guga ce, ko garma, ko yaro yana koyon tafiya bakin hanya, ba na jira ya gan ni. Tun daga can nake ɗaga murya in ce, "Tsaya kan aikinka, na amsa." In ya fara zare takalmi sai in juya in sake hanya. Mutanen unguwa suna cewa tsoho Ina-wuni ya lalata surukansa, ba su san girman manya ba. Kuma ko a ina nake, ba na gyaran murya a bayan mutum.